Abaya a Kan Ruwa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Wani lokaci in ce abin ya wuce, tona shi ba zai amfani kowa ba. Wani lokaci in ji tsoron kada rubutuna ya jawo wa wata baiwar Allah fitina a ƙasar da take zaune, ko ya kai kunnen mutanen gidan da nake aiki. Ga shi karatuna bai wuce firamare ba, a lakwal ɗin garinmu can Nijar, ina gudun in rubuta abu ba daidai ba in ɗauki alhaki. Shi ya sa ba zan ambaci sunan kowa ba, ko sunan garin da abin ya faru ma ba zan faɗa ba. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne wata tsohuwa a unguwar Madain Fahd ta Jidda da idonta ke mutuwa, wadda ba ta san ko 'yarta tana raye ba. Ni ce na ga 'yar a ƙarshe. Kuma gara in faɗa tun yanzu, har yau zuciyata ba ta huce da su biyun ba.

Ina aiki a gidan wasu Larabawa a Jidda, girki da raino. Da madam ta haifi 'yarta ta biyu aiki ya yi mini yawa, sai ta ce in nemo mata wata mai amana. Na kawo 'yar maƙwabciyarmu ta unguwar Karantina. A Jidda aka haife ta, takardunta na Nijar ne, amma ba ta taɓa taka Nijar ba. Na girme ta nesa, Yaya take kirana. Ni na tsaya mata. Na ce wa madam duk abin da ta yi a tambaye ni, kafili, wato maigidan, ya mai da iƙamarta, takardar zamanta, hannunsa a kan maganata.

Mun zauna lafiya. Mutum ce mai ban dariya, Hausarta rabi Larabci ce. Ni kuwa Allah ya yi ni da wasiwasi. Sai in wanke tukunya in ajiye, in dawo in sake wankewa don ban tabbata na ɗauraye bakinta ba. Takan tsaya a bayana ta ce, "Ya Yaya, halas. Tukunyar nan ta musulunta tun ɗazu, ki ƙyale ta." In yi dariya, in sake ɗaurayewa.

Shekarar da aka ce za a tafi hutun zafi Faransa da mu duka biyu, sai ta maƙale mini a kicin wai in koya mata Faransanci. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Tun da na bar gida babu wanda ya taɓa tambayata abin da na karanta. Muna yanka albasa ina faɗa tana maimaitawa: gaisuwa, ƙirga, "ina tashar mota," "tikiti ɗaya," "ina neman 'yar'uwata." Na tambaye ta me za ta yi da na ƙarshen. Ta ce, "In kin ɓace mini a kasuwa fa, ya Malama?" Na ce tana da gaskiya, ni ban ma yi wannan tunanin ba. Na ƙara mata da yadda ake cewa "ku taimake ni."

Kafin mu tashi na je yi wa mahaifiyarta sallama. Inna muke ce mata. Ta riƙe hannuna ta ce ga amana nan. Na ce in Allah ya yarda yadda na tafi da ita haka zan dawo da ita.

A Paris muka sauka, a wani gida da kafili ya kama. Muna tsakiyar hutun ya ce yara sun gaji da shaguna, gobe za a kai su bakin teku. Aka ɗauko babbar mota da direba, muka yi sammako. Ni na ɗauki jakar yara kamar kullum, mai kayan canji da ruwa da biskit. Na ji ta fi nauyi ranar, na ce a raina ko na zuba ruwa da yawa ne. Ƙanwar tawa kuma na ga ta yi kauri cikin abaya. Ta ce sanyin ƙasar nan ne, ta saka riga biyu a ciki. Har na yaba mata hankali.

Garin tsohon garin masunta ne a yankin da suke kira Normandi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gidaje sirara dogaye sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun kewaye wurin da jirage ke tsayawa, wasu an lulluɓe fuskarsu da baƙin dutse fale-fale, wasu katako ne ya giggitta a jikin bango. Titunan duwatsu ne, keken jaririya sai tsalle yake yi ina ta addu'a kada ƙafarsa ta cire. Ga raga a shanye, ga fararen tsuntsaye masu kuka kamar jarirai. Ƙarnin kifi ya tuna mini kasuwar kifin Jidda, sai dai wannan da sanyi yake zuwa. Akwai wata tsohuwar majami'a ta katako zalla, direba ya ce masu sassaƙa jirgi ne suka gina ta, rufinta kamar an kife kwalekwale. Madam ta leƙa ta ɗauki hoto. Ni na tsaya waje da yara, don ban san hukuncin shiga ba.

Aka zauna cin abinci a bakin ruwa. Aka kawo wa kafili baƙar tukunya cike da wasu halittun teku masu ɓawo. Na ce ni burodi ya ishe ni, don ban san da me aka dafa ba. Ƙanwata ta cinye kifinta tas, ta ja dankalin da yara suka rage, ta haɗa da burodin da ke kwando. Na taɓa ta a ƙasan tebur na ce ta rage, ana kallonmu. Ta ce, "Yaya, wanda zai yi tafiya ai sai ya ci." Na ɗauka komawa Paris take nufi.

Muna da wata al'ada ni da ita tun a Jidda. In lokacin salla ya yi muna waje da yara, ɗaya ta yi, ɗaya ta riƙe su, sannan mu canja. Kuma duk wadda ke salla ba a kiranta, ba a aika mata, ko madam ce ke nema sai a ce tana salla, shi ke nan. Ni na kafa wannan doka, don na tsani a hanzarta ni in rasa ko raka'a nawa na yi.

Bayan cin abinci madam da kafili suka shiga shagunan zane-zane. Na fara damuwa da azahar. Ba masallaci, ba lungun da babu mutane. Ƙanwata ta ce ta hango wuri. Muka bi wata hanya bayan gari har muka kai wata doguwar katanga mai matakala. A ƙasanta yashi ne shimfiɗe, fili fetal, ruwan yana can nesa da ƙyar ake hango shi. Wasu ƙananan jirage suna kwance a kan taɓo ta gefe ɗaya. Na ce oh, tekun nasu ya ƙafe, Allah sarki masunta. A Jidda inda ka bar teku da safe nan za ka same shi da yamma, ban taɓa sanin akwai wanda ke tafiya ya dawo ba.

Muka sauka, muka yi ɗan nisa zuwa bayan wani dutse. Ta duba alƙibla a wayarta. Na fara yi, na haɗa azahar da la'asar irin na matafiyi, tana wasa da yara a yashi. Da na sallame ta ce, "Yalla, ki kai su su sha askirim, sun dame ni. Ki bar mini jakar, ruwan alwala yana ciki."

Na ce, "Kada ki daɗe."

Ta ce, "Yau irin taki zan yi, mai tsawo. In madam ta tambaya kin san abin faɗa."

Sai ta gyara mini ɗankwalina da iska ta karkatar. Ta daɗe tana gyarawa. Na ce mene ne haka, ta ce ba komai, na yi kama da tsohuwar Bafaransa ne. Na ɗauki ƙaramar, na ja hannun babbar, muka hau matakala.

Madam ta same mu wurin mai askirim. Ta ce ina ɗayar? Na ce tana salla. Muka zagaya, aka sayi alewa, aka hau da yara wani lilo mai dawakan katako. Ta sake tambaya, na ce tana salla. Ta dube ni ta ce wace irin salla ce wannan, tarawihi? Na ce wataƙila ta tsaya addu'a ne, ba kyau a katse mutum. Na so in leƙa ta, amma na ce in na je na same ta a sujada fa, ni da na kafa doka? Sai da kafili ya duba agogo ya ce a kira ta. Wayarta a kashe. Na miƙa wa madam yaran na tafi da sauri.

Da na kai katangar na ɗauka ɓata na yi. Babu yashi. Babu dutsen. Ruwa ne launin toka yana dukan matakalar da muka sauka, ya cinye fiye da rabinta. Jiragen da na gani kwance sun miƙe suna rawa a kan ruwa. Na koma baya na sake biyo hanyar, na sake fitowa wuri guda. Sai na ga jakar yara a saman katanga, an zuge ta. Na duba ruwan. Can gaba kaɗan wani baƙin abu yana buɗewa yana rufewa. Na san abayar, ni na ɗinke mata bakin hannunta.

Ban san irin ƙarar da na yi ba. Wani tsoho mai hular masunta ya riƙe ni don ina neman sauka. Yana ta nuna ruwan yana gaya mini cewa haka yake yi kullum, ya janye ya dawo, kuma in zai dawo ya fi mutum sauri. Kowa a garin ya san haka, har yara.

'Yan sanda suka zo, aka fitar da jirgin ceto. Ni kaɗai ke jin Faransanci a cikinmu, ni na zama tafinta. Aka ciro abayar da sanda, da sallaya, da silifas ɗaya. Wata 'yar sanda ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Ta tambaye ni wa ya hau da jakar saman katanga. Na ce ban sani ba, wataƙila ta ga ruwa ta kawo jakar, ta koma ɗauko sallaya. Ta tambaya ko tana da wani a Faransa. Na ce babu. Ta sake tambaya a hankali, tana kallon idona. Na ɗaga hannu na rantse da Allah cewa yarinyar nan ba ta san kowa a ƙasar nan ba, ba ta da inda za ta, ko yaren ba ta ji sai ɗan abin da na koya mata. Matar ta rubuta. Kafili yana gefe yana cewa guduwa ta yi, ya san irin wannan. Na juya na gaya masa maganar da ban taɓa gaya wa ubangida ba. Na ce ya ji tsoron Allah, ana neman gawa yana zargin mamaciya. Madam ta fashe da kuka, ta ce masa ya yi shiru.

Ba a sami komai ba. Muka koma Paris da kujera ɗaya babu kowa. Sauran kwanakin hutun ban san yadda suka wuce ba. Na yi azumi, na yi mata sadaka wurin masu bara a bakin tashar jirgin ƙasa. Na wanke abayar na fitar da gishirin, na ninke. Kullum lissafi ɗaya nake yi: da na koma tun tambayar madam ta farko, da na same ta. Ni na ce ba a katse mai salla. Ni na ga teku ya janye na ce ya ƙafe. Madam ta ce a kira Inna a waya, na roƙe ta ta bari, irin wannan labari ba a faɗarsa sai ido da ido.

Washegarin dawowarmu Jidda na nemi izini na tafi Karantina da la'asar. Tun daga mota nake shirya kalmomin da zan fara da su. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ƙulla soyayyar gyaɗa a leda, wadda take sayarwa a kasuwar Bab Makka. Na durƙusa na ajiye abayar a gabanta, sai kuka.

Ta ɗauki abayar ta juya ta. Ta ce, "Har kin wanke."

Na ce, "Inna, amanar da kika ba ni..."

Ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan. Tana lafiya. Ta kira ni tun washegari. Tana wurin 'yar ƙanwar babanta, can wani gari."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Washegari?"

"Washegari."

"Kin sani ke nan tun kafin mu tafi."

Ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta. Ta ce me yarinyar za ta zauna yi a nan? An haife ta a ƙasar da ba za ta taɓa zama tata ba, ana sabunta mata zama shekara shekara, ranar da kafili ya gaji a tura ta ƙasar da ba ta san kowa ba. Ta ce sun daɗe suna shiri. Takalman da ta gudu da su ma a jakar yara aka sa, ƙarƙashin kayan canji.

Na ce, "Jakar da na yini ina ɗauka."

Ta ce, "Ke ba a binciken kayanki."

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ko bayan ta tsira, me ya hana a aiko mini da kalma ɗaya, ina can ina yi mata addu'ar matattu?

Sai ta ɗago ta dube ni, ba tare da kunya ba, har da ɗan tausayi. Ta ce, "Ke ba ki iya ƙarya ba. Da kin sani, da madam ta karanta a fuskarki tun a filin jirgi. Kukanki shi ya rufa mata asiri."

Na ce, "Inna, na rantse da Allah a gaban hukuma."

Ta ce, "Ai gaskiya kika rantse a kai, iya saninki. Ba ki da zunubi. Mun yi wannan tunanin."

Wannan kalmar ce ta fi ci mini rai, har yau. Sun yi tunanin. Sun zauna a ɗakin nan da nake shiga in sha kunu, sun auna ni, sun san ba zan katse mai salla ba, sun san zan yi kuka na gaske, sun san zan rantse. Har zunubina sun lissafa sun ga babu, sannan suka ɗora mini. Na tambaye ta abu ɗaya: abayar fa, da gangan ta bar ta don a ce ruwa ya ci ta? Inna ta ce a'a, cirewa kawai ta yi don kada a gane ta a tasha, ita ma ba ta san ruwa zai zo ba. Na ce to wa ya hau da jakar saman katanga, in ba wanda ya san ƙasa za ta jiƙe ba? Ta ce wannan kuma ba ta sani ba. Ta miƙo mini ƙullin gyaɗa. Na tashi na bar shi a hannunta.

Da na koma gida madam ta tare ni a ƙofar kicin, idonta jawur, ta ce yaya uwar ta ɗauki labarin? Na tsaya. Na kau da idona. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sai ta juya ta hau sama. Inna ta yi gaskiya, fuskata ba ta iya ɓoye komai. Ba a kore ni ba. Amma tun daga ranar ba a sake tafiya da ni ko'ina ba, kuma in na ce wata tana salla, sai madam ta je ta leƙa da kanta.

Na yi niyyar ba zan ƙara taka gidan Inna ba, kuma na daɗe ban taka ba. Ina jin labari wurin mutane cewa 'yar tana kira, tana aikin goge-goge, ta canja gari. Daga baya aka ce kiran ya ja baya. Sai aka zo rushe Karantina. Kowa ya kwashi abin da zai iya ya watse, maƙwabtan shekara da shekaru ba wanda ya san inda wani ya nufa. A cikin wannan kwashe-kwashen wayar Inna ta ɓace, layin kuma ba da sunanta aka yanka ba, ba a iya maido shi ba. Lambar 'yar da wata maƙwabciya ta adana, in an kira sai a ce babu ita. Ita kuma in ta nemi uwarta, lambar da ta sani ta mutu, unguwar da ta sani ta zama fili.

Wata mata ce ta gaya mini Inna tana wani ɗaki a Madain Fahd, ba mai kai ta asibiti. Na kwana biyu ina gardama da kaina, sannan na je. Yanzu duk ranar hutuna can nake yini. Ina ɗiga mata maganin ido, in share ɗakin, in wanke kwanukan, in sake wankewa. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Abayar tana ƙarƙashin matashinta. Takan ce, "'Yar nan, ba ni labarin garin nan." Sai in faɗa mata gidajen sirara, da tsuntsayen, da majami'ar katako, da yadda 'yarta ta cinye burodin kwando. In na kai wurin katanga sai ta ce in tsaya nan. Kwanan baya ta tambaye ni ko ruwan ƙasar yana da sanyi sosai. Ita da ta ce mini in share hawayena.

To ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman 'yan'uwanmu da ke Faransa ko masu zuwa can. Mace ce doguwa, baƙa, mai wushirya, tana da tabon ƙunar mai a wuyan hannunta na hagu. In tana Hausa sai ta zarce Larabcin Jidda ba ta sani ba, kuma ba ta minti biyu ba ta tsokani mutum ba. Ban nemi a faɗa mini inda take ba, kada ma a faɗa, don in an tambaye ni ba zan iya ɓoyewa ba. A gaya mata kawai Karantina babu, mahaifiyarta tana Madain Fahd, ta tambayi masu sayar da gyaɗa a Bab Makka za su haɗa ta da ita, kuma ta yi sauri. Wanda ya san ta rasu, shi ma ya daure ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, ni zan san yadda zan faɗa wa tsohuwar.

In kuma tana raye har wani ya zauna da ita, ina da tambaya ɗaya tawa ta kaina. A tambaye ta, ranar da ta ajiye abayar a kan yashi, ta san ruwan zai dawo?